Jika Hamsin a Wata

Ɗakin Iya ya faɗi a watan takwas, da hantsi, bayan ruwan kwana biyu. Allah ya sa tana zaune a rumfa tana tsince yakuwa. Muka ji bangon ya yi wani irin nishi, azara ta karye, rufin ya sauko ya zauna a kan gadonta. Gidanmu a cikin Birni yake, tsohon ginin ƙasa ne da kakana ya yi lokacin da fatauci ya kawo shi Damagaram daga Borno. Tun da mahaifina ya rasu ni nake yi masa yaɓe kowace shekara kafin damina. Wannan karon magini ya zo ya zagaya, ya taɓa abin da ya rage na bangon da ƙafa, ya ce babu maganar gyara, sai sabon gini, har da katangar da ɗakin ya jingina da ita.

A lokacin ina malamin kwantaragi a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye a ƙasar Tirmini. Albashina jika saba'in da biyar ne a wata, wato sefa dubu saba'in da biyar, kuma mu shida muke ci a cikinsa: ni da matata da 'ya'yanmu uku da Iya, mahaifiyata. Magini ya haɗa kuɗin bulo da siminti da kwanon rufi da ladan aikinsa, ya ce jika ɗari biyar. Na yi masa godiya, na raka shi ƙofa kamar wanda zai kira shi gobe. A aljihuna kuwa ko jika biyar babu.

Hajiya maƙwabciyarmu ce, gida uku tsakaninmu, ƙawar Iya tun suna 'yan mata. Atamfa da turaren wuta take sayarwa a cikin gidanta, takan je sari Kano sau biyu a shekara. Ta zo jaje, ta tarar da Iya a ɗakin yara, kayanta a tsakar gida an lulluɓe su da leda. Washegari ta aiko a kira ni.

"Nawa maginin ya ce?"

Na faɗa mata, idona a kan tabarma. Ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da kuɗin a ɗaure da roba, ta sa babban ɗanta ya rubuta a kaye, littafin lissafinta.

"Ba kyauta ba ce, ɗan nan, jarina ne," in ji ta. "Amma ban sa maka rana ba. Ka biya yadda ƙarfinka ya kai."

Kafin a koma lakwal an gama ɗakin. Iya ta shiga, ta ce kwano yana da surutu idan ana ruwa, amma ta ji daɗi.

Da na bi maganar Hajiya yadda ta faɗe ta, da babu labarin da zan bayar. Sai aka yi wani suna a unguwa, muna zaune a ƙofar gida ana raba goro, babban ɗan Hajiya ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan, ya ce, "Mushe, kwanon gidanku har daga kan dutse ana hango ƙyallinsa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Yau da nake tuna abin, ina ganin mai yiwuwa yabo kawai ya yi. Amma a ranar abin da kunnena ya ji shi ne: da kuɗin uwata kuke ƙyalli. Na koma gida na ce wa matata jika hamsin zan riƙa kai wa Hajiya duk wata, wata goma in gama.

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Malam, saura ashirin da biyar ke nan. Mu shida."

"Wata goma ne kawai. Mu daure."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara. Ni kuwa na ɗauki hakan a matsayin yarda.

Kaka ta yi kyau a waccan shekara. A ƙauyen da nake koyarwa, duk inda ka duba dammunan gero ne a jingine. Wani dattijo da nake koyar da jikarsa ya same ni a gindin bishiyar lakwal, ya ce yana da buhu uku da zai sayar, jika ashirin kowanne, in ina so in ba da rabi yanzu, rabi wata mai zuwa. Da na zo gida ranar Juma'a na ba matata labarin, kamar labarin da bai shafe mu ba. Ta ce in saya. Ta ce in gaya wa Hajiya ta yi mana haƙurin wata guda, buhu uku zai kai mu har bazara. Na ce ban fara biya ba zan fara neman uzuri? Albashi na sauka na ƙirga hamsin na kai.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin waɗannan watanni. Na jingine moto, wato babur ɗina, a zaure saboda kuɗin esansi, man da yake sha, na koma kwana a ƙauye, a wani ɗan ɗaki da ake ajiye littattafai da karyayyun tebura. Ranar Litinin da sassafe in bi wani abokin aiki a bayan motonsa, ranar Juma'a in dawo. Abincina garin rogo da ƙuli-ƙuli, sai ranar da matar diraktan lakwal ta aiko da tuwo. Na rame, wandona ya fara zamewa, amma ina jin kaina kamar wani babban mutum. Duk ƙarshen wata in yi wanka, in sa rigata mai kyau, in taka zuwa gidan Hajiya. Idan ɗanta yana zaure, sai in tsaya mu gaisa sosai, don ya ga abin da ya kawo ni. Hajiya takan karɓa ta dube ni ta ce, "Har wannan duka?" In ce, "Ba komai, Hajiya." Ta ce Allah ya yi albarka.

Gida kuwa kwana biyu kawai nake gani a mako. Na lura miya ta tsinke. Na lura an daina dama fura da rana, shayin safe ya koma ruwan bunu. Na kuma lura Iya ta ƙara ibada. Da ma tana azumin Litinin da Alhamis, sai ga shi ina zuwa ranar Asabar in tarar tana azumi, Lahadi ma haka. Har na yi wa abokan aikina alfahari da ita, na ce tsohuwata ta kama hanyar Allah da gaske.

Wata biyar na yi ban saɓa ba. A na shida zafi ya sauko. Wanda ya san Damagaram ya san yadda ruwa yake yi mana a bazara. Famfon unguwarmu sai ya kwana uku bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa suka ninka kuɗin bido, wato jarkar ruwa. Tiyar gero ta tashi, buhun da aka so a ba ni a jika ashirin ya kai talatin da biyar a kasuwa. Kuma a wannan watan ne albashi ya ƙi fitowa. Ga 'yan kwantaragi wannan ba sabon abu ba ne, amma ni ban sa shi a lissafina ba. Ƙarshen wata ya zo ya wuce da mako biyu. Na kasa bi ta ƙofar gidan Hajiya, masallaci ma sai in zaga ta wani lungu.

Akwai wani mai butik, wato shago, kusa da tasha da kowane malami ya san shi, ko da yake ba mai son a gan shi a wurin. Yana ba da abansi: ka karɓi arba'in, ka bar masa katinka na banki, ranar da albashi ya sauka ya cire hamsin. Na sha yi wa abokaina wa'azi a kan wannan mutum. Ranar wata Asabar na je na karɓi arba'in. Na sayar da tsohuwar wayata na cika hamsin, na kai wa Hajiya. Ban bar ko dala a gida ba, ban kuma gaya wa kowa inda kuɗin suka fito ba.

Asabar ta gaba na fita sayen sabulu a butik ɗin unguwarmu. Mai butik ɗin mutumin kirki ne, tare muka yi lakwal. Ya ba ni sabulun, ya jira wata mata ta fita, sannan ya jawo wani kaye daga ƙarƙashin tebur.

"Mushe, don Allah kada ka ga kamar na matsa. Ni ma a kan bashi nake ɗauko kayan. Ko kaɗan-kaɗan ne a fara ragewa."

Ya buɗe min shafin. Shinkafa, mai, sukari, ashana, taliya, maganin sauro, tun daga watan sha ɗaya. A ƙasa ya ja layi ya rubuta jika sittin.

Na dawo gida raina a ɓace. Matata tana tsakar gida tana wanke-wanke da ruwan da bai kai rabin bokiti ba. Na ce mata yaya za ta ci bashi da sunana har jika sittin ban sani ba, ina can ina kwana a kan tebur don in fitar da mu daga kunya, ita tana nan tana ɗauko wata.

Ta ɗauraye hannunta, ta kora yara ɗakin Iya, ta jawo kujera ta zauna a gabana. Muryarta ba ta tashi ba.

"Malam, jika ashirin da biyar kake bari. Ruwa kaɗai yanzu yana cin tara. Itace huɗu. Tiya guda muke ci a yini idan an matse, ka san kuɗin tiya yau. Ka ɗauki alli ka yi lissafin a ƙasa, kai ne malami. In ya fita, ni ce mai laifi."

Ban ɗauki alli ba.

"Sau uku na fara yi maka maganar," ta ci gaba, "kana cewa mu daure. Mun daure. Ka san me ya sa Iya take azumi kullum?"

Na ce ibada ce.

"Ibada ce. Amma kwanonta na rana yara take tura wa. Na hana, ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba. Ga shi na gaya maka."

Na daɗe ina kallon magudanar ruwa. Daga ɗakin Iya ina jin ƙaramar 'yarmu tana rera wata waƙar lakwal. Sai na ji ba zan iya riƙe nawa sirrin ba, na gaya mata maganar abansi da katin banki. Na zaci za ta yi kuka ko faɗa. Amma sai kawai ta ce, "Wato ka ɗauko bashi mai haihuwa, ka biya wanda ba ya haihuwa."

Washegari bayan la'asar na je gidan Hajiya, ba rigar ado, ba kuɗi a aljihu. Na tarar tana ƙulla turare a ƙananan kwalabe. Muka gaisa, na zauna a bakin tabarma, na faɗa mata komai, har da mai butik na tasha. Maganar azumin Iya kaɗai na ɓoye.

Ta ci gaba da aikinta har na gama. Sannan ta ce, "Wa ya ce maka wata goma? Ni na ce?"

"A'a, Hajiya. Ni na ɗora wa kaina."

"To ka sauke. Kana gani ina karɓa ina cewa har wannan duka, ba ka ji tambaya nake ba? Uwarka ta zo nan shekaranjiya, zobenta yana yawo a yatsa. Na tambaye ta, ta ce zafi ne."

Na sunkuyar da kai.

"Bari in gaya maka yadda kuɗi suke a wajena, tunda ba ka tambaya ba. Sau biyu nake zuwa sari, kafin azumi da kafin babbar salla. A nan nake son kuɗi. Hamsin ɗin da kake kawo min a watan da ba na tafiya, a ƙarƙashin katifa suke kwana, jikoki suna zuwa ina gutsura musu. Da ka sayi gero da su da kaka, da ni ban rasa komai ba."

Ta tambayi abin da ya rage, na ce ɗari biyu. Ta ce in fara kuɓuto da katina, in rage wa mai butik na unguwa, domin shi ƙaramin jari gare shi. Ita kuma in riƙa kawo mata sha biyar. Watan kaka kada in kawo komai, in sayi hatsi. Idan azumi ya matso, abin da na iya ƙarawa in ƙara.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji ta. "Watan da ba ka da shi, ka zo da ƙafarka ka gaya min. Kada in ƙara jin kana zagaye ta lungu. An gan ka."

Da na dawo na shiga ɗakin Iya, na durƙusa, na ce ta yi min gafara, ta kuma sassauta azumin nan. Ta dube ni ta gefen ido ta ce azuminta tsakaninta da Ubangijinta ne, ba ruwana. Amma da safe, kafin in tafi ƙauye, na gan ta a rumfa da kofin kunu.

Watanni biyu da suka biyo baya su ne mafi tsanani, domin mutumin tasha ya cire hamsin ɗinsa cif ranar da albashi ya sauka. Ƙanwar matata ta aiko mana da dawa rabin buhu daga garin Dogo, ita ta riƙe mu. Bayan nan muka shiga wani tsari da matata ta kawo. Ranar albashi, kafin kowa ya ga ko dala, sai mu zauna mu biyu mu fitar da na hatsi da na ruwa da na itace. Sannan na Hajiya, sannan goma na mai butik. Sannan jika uku da take sakawa a wani gwangwanin madara, ta ce na ciwo ne, ba a taɓawa. Abin da ya saura shi ne na cefane da esansi. Na tayar da moto, ina dawowa gida ranar Laraba in kwana, don in riƙa ganin tukunyar gidana a tsakiyar mako, ba ranar hutu kaɗai ba.

Da farko abin yana ci min rai. Ka saba kai hamsin, yanzu ka miƙa sha biyar, kamar kana kwasar rairayi da cokali. In na duba abin da ya rage sai in ga bai motsa ba. Akwai watan da na samu 'yan kuɗi na gyaran takardun jarrabawa, na so in kwashe duka in kai. Matata ta ce in raba biyu, babban ɗanmu takalminsa ya tsinke, ana yi masa dariya a lakwal. Muka yi musu har muka kwana ba ma magana. Da safe na raba biyu.

Da dogon hutu ya zo, na samu yara huɗu 'ya'yan wani ma'aikaci a Sabon Gari ina yi musu darasi a gida da yamma. Matata kuma ta roƙi Iya ta koya mata alkaki irin na gidanmu, wanda Iya ta daina yi tun da hannunta ya fara ciwo. Iya tana zaune tana ba da umarni, tana kushe kowane zubi, har aka samu wanda ta ce ba laifi. Aka fara yi wa masu biki, ba kullum ba, amma in an samu yakan ɗauke mana kuɗin ruwa na wata.

Kaka ta zagayo. Na je na sami dattijon nan tun kafin a gama sussuka. Ya ce bana ashirin da biyu ne. Na sayi buhu uku, amalanke ta kai min bakin hanya, motar kasuwa ta kawo su gari. Muka jera su a kan bulo a ɗakin yara. Ƙaramar 'yarmu ta mai da su wurin zamanta, a kai take cin abinci.

Ba kowane wata ne ya tafi daidai ba. A ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da yara biyu a mako guda, ordonansi, takardar sayen magani, ta cinye abin da ke gwangwani ta haɗa da na Hajiya. Na taka na je na gaya mata, ta ƙofar gaba, ɗanta yana zaure. Ta ce Allah ya ba su lafiya, ta tambaya ko sun fara cin abinci. Shi ke nan. Kafin azumi kuwa na kai mata arba'in a dunƙule daga kuɗin darasi, ta karɓa da fara'ar da ban taɓa gani ba a duk watannin hamsin, ta ce jibi za ta kama hanyar Kano.

Shekara guda da rabi bayan zaman da muka yi, na kai mata jika goma na ƙarshe. Tana da baƙi a ranar, mata sun cika ɗakin suna zaɓen atamfar biki. Ta karɓa a tsaye, ta kira ɗanta ya ja layi a kaye, ta miƙo min kwalbar turare ta ce in kai wa matata. Ko minti biyar ban yi ba na fito.

Ranar albashi na gaba muka zauna rabo kamar kullum. Da aka zo kan sha biyar ɗin, na ce a saya wa gida nama, a yi wata guda ana cin daɗi. Matata ta yarda da nama kilo ɗaya. Sauran ta ce mu ci gaba da warewa kamar har yanzu ana bin mu, tunda mun riga mun saba rayuwa ba su. Wata huɗu muka tara, na je kasuwar dabbobi na sayo tunkiya mai ciki, fara mai baƙin kunne. Na ɗaure ta a bayan rumfa. Yara suka yi ta gardama a kan wanda zai riƙa ba ta dusa, har sai da na raba musu kwanaki. Kafin damina ta sauka ta haifi ɗa namiji, muka bar shi don layya.